Mai Hoton Asibiti Da Neman Digiri A Ƙasar Gumel

Ran Alhamis, tun kafin hantsi, kasuwar Maigatari kan cika maƙil da shanu da raƙuma da tumaki, waɗansu daga ƙasar Damagaram, ana loda su cikin manyan motoci zuwa Kudu. Inda dabba da mota da babur suka gwamutsu haka, ba a rasa wanda sa ya tunkuya, ko yaron mota da ya faɗo daga bisa kaya. A da maɗori kaɗai a ke kira. Yanzu kuwa har maɗorin ma ya kan ce a je a ɗauko hoto tukuna. To, wane ne ke ɗaukar hoton nan, kuma da iznin wa?

Asalin abin wani haske ne wanda ido ba ya gani, wanda wani Bajamushe mai suna Rontgen ya gano cikin shekarar 1895. Yana ratsa tsoka, ƙashi ya tare shi, sai inuwar ƙashin ta fito, a ga karaya ko gocewa, a ga alamar tarin fuka a huhu. Amma fa hasken nan kaifi biyu gare shi. Idan ya yi yawa yana lahanta jiki, balle ɗan tayi a cikin uwarsa. Dalilin rigar darma ke nan, da bango mai kauri da a ke yi wa ɗakin hoto. Saboda wannan haɗari, cikin shekarar 1987 Gwamnatin Tarayya ta yi doka ta 42, ta kafa hukumar rajistar masu hoton asibiti, wadda a ke kira RRBN.

Ma'aikatan ɗakin hoto hawa-hawa ne. Akwai likitan hoto, shi ke karanta abin da ya fito, ya faɗi cuta. Akwai mai digiri, shi ke da alhakin inji da awon haske da lafiyar majinyaci. Sa'an nan akwai mataimaki, wanda ya fito makarantar koyon aikin lafiya da takardar shaida ko difloma. Malamai sun san irin wannan. Almajiri ya kan haddace littafi sarai, har ya biya wa na ƙasa da shi, amma ba a kiransa mai ijaza sai ya zauna gaban shehi an ba shi. Haka mataimakin nan: ko ya shekara goma sha biyar yana juya inji, hannunsa ya faɗa, muƙaminsa da albashinsa suna da iyaka, sai fa in ya sami digiri.

Hanyar digirin kuwa doguwa ce. Jami'ar Bayero ta Kano tana koyar da shi, ɗalibai suna gwajin aiki a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Jami'ar Maiduguri da ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato su ma suna koyarwa. Karatun shekara biyar ne; wanda jami'a ta yarda da takardunsa ta sa shi aji na biyu, hudu suka rage masa. Bayan wannan akwai shekara guda ta aikin horo a asibiti kafin rajista ta tabbata, kana bautar ƙasa ga wanda bai wuce shekara 30 ba lokacin da ya gama. Kuma karatu ne na zama, da lacca da safe, da tsayawa kan majinyaci da rana. Ba a yinsa da guzurin ƙarshen mako.

A nan kullin ya ke. Ƙasar Gumel ƙananan hukumomi huɗu ce, watau Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, babban asibitinta kuwa yana Gumel, kimanin kilomita 120 daga Kano. A irin asibitin da mutum ɗaya ko biyu ke riƙe da ɗakin hoto, in ɗaya ya tafi karatu shekara huɗu, wa zai tsaya? In an hana shi tafiya, asibiti ya zauna ba mai digiri, ko da an sayo sabon inji mai aiki da kwamfuta, sai ƙura ta rufe shi. In an bar shi ya tafi ba a tanadi magaji ba, mai karaya ya sha hanyar Haɗejiya ko Dutse ko Kano cikin motar haya, ƙashi na gugar ƙashi. Shi kansa ma'aikacin galibi magidanci ne, da 'ya'ya a makaranta da gona a bayan gari. Ko an ba shi hutun karatu da albashi, albashin nan ɗaya zai riƙe tukunya biyu, ta Gumel da ta Kano, ga kuɗin haya ga na jami'a.

A Amurka sun sassauta wannan. Wanda ya yi karatun shekara biyu ya sami rajista yana iya cika digirinsa ta intanet, yana nan bakin aikinsa, domin horon hannu ya riga ya same shi. Lalle akwai abin dubawa a ciki, ko da ya ke ba a ɗauko tsarin wata ƙasa ɗungurungum. Wanda tushen karatunsa bai kai ba, allon waya ba ya cike masa gurbi.

Sauran magana ita ce bayan an gama. Mai digirin hoto kaya ne mai tsada a kasuwa. Asibitocin Kano da Abuja suna nemansa, Ingila da Saudiyya suna ɗiba. Ba abin zargi ba ne. Falke ma ba ya kai sansa kasuwar da za a taya shi da arha. Takardar alkawari da Gwamnati ke sa mai hutun karatu ya sa wa hannu tana riƙe shi 'yan shekaru kawai. Abin da ya fi riƙe mutum shi ne ya komo ya tarar da inji mai rai, da wutar da ba ta yankewa tsakiyar hoto, da ƙarin girman da aka alkawarta masa ba tare da ya yi ta sintiri ofis-ofis ba.

Attajirai suna da ruwa a cikin wannan al'amari. Yankin ciniki maras haraji na Maigatari, wanda aka kafa zamanin Gwamna Saminu Turaki, an yi shi ne don a jawo masana'antu, masana'anta kuwa ba ta rabuwa da rauni. Kuma sa'ad da aka buɗe iyakokin ƙasa huɗu ran 16 ga Disamba 2020, bayan rufewar Agusta 2019, Maigatari na cikinsu, shaida ke nan ta girman zirga-zirgar wurin. Ƙungiyar dillalan shanu da za ta iya gina rumfa da masallaci ba za ta kasa ɗaukar hayar ɗakin ɗalibi ɗaya a Kano ba, bisa sharaɗin ya komo gida.

Tsarin da ya fi kama hankali shi ne a fara horar da mataimaki na biyu, ya kama aiki sosai, sa'an nan a saki na fari. In ya komo, na biyun ya tafi. Cikin waɗanda za a tura kuwa ya kamata a sa mata, domin akwai magidanta da yawa a ƙauyukan Sule Tankarkar da Gagarawa waɗanda ke jinkirta kai iyalinsu hoton ciki muddin namiji ne zai ɗauka.