Rubutu ma sana'a ne

A Dungas, in aka tambayi yaro abin da yake so ya zama, sai ya ce likita, ko mushe, ko ɗan kasuwa mai zuwa Maigatari. Da wuya a ji wanda ya ce marubuci. Iyaye da yawa suna ganin rubutun Hausa ba ya ciyar da gida. Wannan kuskure ne. Rubutu sana'a ne kamar ƙira da saƙa, kuma koyonsa ake yi.

Ga misalin Abubakar Imam, mutumin Najeriya. An haife shi a Kagara a 1911. Malamin makaranta ne a Katsina. A 1933 aka yi gasar rubuta labari da Hausa, ya shiga da Ruwan Bagaja. Wani Bature mai suna East ya ga gwanintarsa, ya kira shi Zariya. Can ya rubuta Magana Jari Ce. Can kuma ya koyi gyaran rubutu: a rage abin da ya yi yawa, a sake abin da bai fito ba. A 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, ya zama editanta. Da harshen da ya sha a nono ya kai wannan matsayi.

A Nijar, tun 1973 aka buɗe lakwal ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram. Yaron da ya iya rubuta harshensa ya riƙe kayan aiki ke nan. Saura aikin.

Ya sami littafi ɗaya na kansa. Ran kasuwa ya rubuta kuɗin tiyar hatsi da ta wake. In tsohuwa ta yi gatana, ya rubuta ta kafin ya kwanta. Sunan mutum da sunan gari, ya tambaya sau biyu. Abin da bai gani ba, ya faɗi wanda ya gaya masa. In mushe ya ja masa jan layi, kada ya yi fushi, ya sake rubutawa.

Tsofaffin Dungas da Magariya suna riƙe da labaran yunwa, da na rijiyoyi, da na sarauta. Kowace shekara wasu suna rasuwa da nasu. Ɗan lakwal ne ya kamata ya je da littafinsa ya zauna gabansu tun suna da rai.