Wanda Ya Cinye Iri, Me Zai Shuka?

Makon jiya na je gida Kahu ta'aziyya, a kan hanyar dawowa na ratse kasuwar Rano domin in sayi busasshen kifi. Abin da mai kifin ya auno mini ya tsaya mini a rai: 'ya'yan karfasa ne waɗanda ba su kai tsawon yatsa ba. Na ce, "Baba, ina manyan?" Ya ce, "Ɗana, babba ai sai an bar ƙarami ya girma. Yanzu har gidan sauro ake ja a bakin ruwa."

Maganar dattijon nan ta tuna mini da wani kifi na teku da ba mu da shi a nan, wato shak mai baƙin tsinin fiffike, wanda ke zaune a gefen duwatsun murjani na tsibiran tekun Indiya da na Fasifik. Macensa ba ƙwai take zubawa ba, haihuwa take yi, galibi 'ya'ya biyu zuwa huɗu, kuma sai sun yi shekaru kafin su ma su isa haihuwa. Da zarar an haife su, sukan tare a ruwan da bai wuce gwiwa ba, kan rairayi ko cikin saiwoyin itatuwan gaɓa, inda manyan kifaye ba sa iya shiga su cinye su. Wannan ɗan ruwan gefe shi ne ɗakin rainonsu. Idan aka shimfiɗa masa raga, an kashe kifin shekaru masu zuwa a yini guda.

A shekarar 2020 mujallar Nature ta buga binciken da aka yi a wuraren murjani 371 cikin ƙasashe 58, kuma a kusan kashi ɗaya cikin biyar na wuraren ba a ga shak ko ɗaya ba. Inda ya saura da yawa shi ne inda aka taƙaita kamu kuma aka tsare dokar. Ƙasar Palau ta haramta kama shak a ruwanta a 2009, Maldibs ta bi sahu a 2010. A tsibirin Aldabara na ƙasar Seshels, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren gado na duniya a 1982, 'ya'yan shak na yawo a bakin gaɓa ba mai taɓa su.

Mai karatu zai ce ina ruwan mutumin Kibiya da kifin teku? Ai in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa. Madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ita ce tekunmu, kuma ita ma tana da ɗakin rainonta. Namijin karfasa a ruwa marar zurfi yake haƙa gurbi, macen ta ɗauke ƙwan a baki har ya ƙyanƙyashe. Bargi cikin ciyawar da ruwan damina ya shanye yake yin sheƙa. A daidai wannan gefe ake jan raga mai ƙananan idanu, a daidai lokacin da kifi ke hayayyafa.

Ba doka muka rasa ba. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta hana ragar da idonta bai kai milimita 76 ba, ban da wasu keɓantattun kamu, ta hana guba da nakiya, ta kuma ba da damar rufe wani yanki na wani lokaci. Al'ada ma ba mu rasa ba. A Argungu ana hana su a kogin Matan Fada har sai lokacin biki, shi ya sa ake fito da giwan ruwa da sai an taru a ɗaga.

Na san masunci ba don mugunta yake jan gidan sauro ba. Yunwar yau ce ta rufe masa ganin gobe. Saboda haka hani kaɗai ba zai yi ba. Shawarata ita ce Masarautar Rano da ƙananan hukumomin da ke kewaye da Tiga da Hukumar Kogunan Haɗeja da Jama'are su zauna da sarakunan ruwa, a ware wasu lunguna marasa zurfi a rufe su a watannin damina, masunta da kansu su zama masu gadi, a kuma musanya musu ƙananan raguna da na ƙa'ida. Ɗalibanmu na jami'o'i su riƙa auna kifin da ke fitowa, domin kowa ya ga ribar haƙuri da idonsa.

Manomin Kahu komai tsananin bazara ba ya taɓa damin iri. Ruwa ma gona ne. Na biya kuɗin kifin nan na kawo gida, amma da aka zuba shi a miya, sai na ji kamar iri nake ci. Allah ya sa mu gane. Sai mako mai zuwa.