Hunturu Da Tsadar Abin Hura Wuta

Daga Disamba zuwa Fabrairu sanyin hunturu yakan sauko wa Kaya da sauran garuruwan Maradun, Bakura da Talata Mafara, kowane gida kuwa yana bukatar ruwan zafi na wanka da alwalar asuba, da wutar jin ɗumi. A nan ne magidanci ke ganin tasku.

A shekarar 2016 Gwamnatin Tarayya ta janye tallafin kananzir, har ya gagari talaka. Aka yi ta kwaɗaitar da jama'a su koma ga iskar gas. Waɗanda suka koma sai suka tarar farashinta yana bin dala, musamman bayan faɗuwar Naira a 2023. Ƙasar da ke ƙone gas a banza a Neja Delta ke nan!

Saura itace. Shi kuwa yana daji, inda 'yan bindiga suka yi kaka-gida, mai neman dami guda sai ya sayar da ransa.

Ya wajaba Gwamnatin Jihar Zamfara ta buɗe wuraren sayar da gas a ƙayyadadden farashi a hedkwatocin ƙananan hukumomin nan uku, ta kuma raba wa matan karkara murhu mai tsimin itace tun kafin watan Nuwamba.