Sanarwar Bayan Taron Ma'aikatan Rigakafi Kan Allurar Da Ke Sakin Magani Daki-daki

Ƙungiyarmu ta ma'aikatan rigakafi ta yi zama a Kano kan sabuwar fasahar da ake fatan za ta haɗe alluran rigakafi da dama a cikin allura guda.

Mahalarta sun saurari bayani kan aikin da Robert Langer da Ana Jaklenec da abokan aikinsu na jami'ar MIT a Amurka suka wallafa a 2017. Suna zuba maganin a cikin 'yan mitsi-mitsin kofuna masu murfi, waɗanda aka yi da sinadarin PLGA, irin na zaren ɗinkin tiyata mai narkewa. Kowane rukunin kofunan da lokacin fashewarsa. A jikin ɓeraye, rukunan sun saki abin da ke cikinsu bayan kwana 9 da 20 da 41.

Taron ya amince cewa fasahar ta taɓo inda yake mana ƙaiƙayi. Allurar Penta sau uku ake yinta, a mako na 6 da na 10 da na 14, kuma kowa a cikinmu ya san uwar da ta kawo ɗa sau ɗaya, nisa ko aikin damina ya hana ta dawowa. Annobar mashaƙo da ta ɓarke a Kano tun ƙarshen 2022 ta fi cin yaran da ba su samu rigakafi ba ko ba su kammala ba.

Sai dai har yanzu da sauran aiki. Maganin da muke wahalar adanawa a firij, dole ya jure ɗumin jikin mutum na tsawon makonni, ga kuma tsamin da PLGA ke fitarwa yayin narkewa, wanda kan lalata shi.

Don haka taron ya buƙaci hukumomin NAFDAC da NPHCDA su tabbatar ba a yi wani gwaji a kan 'ya'yanmu ba sai da yardar iyaye, bayan cikakken bayani da Hausa. Jama'ar Kano ba su manta gwajin maganin Trovan na 1996 ba, kuma ƙauracewa rigakafin shan-inna a 2003 ta nuna abin da jita-jita ke haifarwa. A sanar da malamai da sarakuna tun da wuri, kafin a ce an dasa wa yara wani abu a jiki.

Kafin fasahar ta iso, mambobi su ci gaba da bin yaran da suka tsallake allura gida-gida.

Sa hannu: Shugaba da Sakatare