ƘUNGIYOYIN TAIMAKO DA JAMI'O'I: LOKACIN AUNA AIKI YA YI

Daga Wakilinmu na Arewa

Ran 20 ga Janairu 2025 shugaban Amurka Donald Trump ya ba da umurnin a dakatar da taimakon da ƙasarsa ke bai wa ƙasashen waje, kuma a farkon watan Yuli na shekarar aka rufe hukumar USAID, aka mayar da ragowar ayyukanta ma'aikatar harkokin waje. Ingila ita ma ta ba da sanarwa a Fabrairu 2025 cewa za ta rage nata taimakon daga kashi 0.5 zuwa kashi 0.3 cikin ɗari na arzikin da take samu a shekara. Watau kuɗin agaji ya ja baya, kuma masu bayarwan da suka rage sun ƙara tsananta tambaya guda: me aka yi da kuɗin bara, wa ya amfana?

Mai karatu da ke Agege ko Sabon Badun ko Fatakwal zai iya cewa ina ruwansa, tun da ƙungiyarsu ba ta taɓa ganin ko dala ɗaya ba. Alhali kuwa in manyan ƙungiyoyi suka janye hannu, nauyin marayu da majinyata da 'yan gudun hijira a kan ƙananan ƙungiyoyinmu na zumunta yake faɗowa. Bugu da ƙari, dokar kamfanoni da ƙungiyoyi wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Agusta 2020 ta wajabta wa kowace ƙungiya mai rajista ta ajiye littafin kuɗi, ta riƙa kai rahoto ga hukumar rajista ta tarayya, har ma ta buɗe hanyar dakatar da amintattun ƙungiya in an sami almundahana. Zamanin da ma'aji ke riƙe lissafi a ka ya wuce.

A nan ne jami'o'i ke da amfani, kuma ta hanya uku. Ta farko horo, watau koya wa shugaba da magatakarda da ma'aji yadda ake tsara kasafi, da ajiye rasit, da rubuta rahoto. Ta biyu shawara, inda malami zai zauna da ƙungiya ya duba tsarinta ya nuna inda ke yoyo. Ta uku, wadda ta fi wuya kuma ta fi muhimmanci, ita ce auna aiki, a gano ko abin da ƙungiya ta yi ya canza wani abu a rayuwar mutane.

Abin da ya faru a yammacin ƙasar Kenya ya isa misali. Daga 1996 wata ƙungiyar agaji ta ƙasar Holan ta fara raba littattafan karatu a makarantun firamare, kuma babu mai hankalin da zai ce wannan ba alheri ba ne. Amma da Farfesa Michael Kremer da abokan aikinsa suka gwada makarantun da suka samu da waɗanda ba su samu ba tukuna, sai suka tarar yawancin yara ba su ƙaru ba, sai 'yan ƙalilan masu ƙoƙari tun asali. Dalili kuwa, littattafan da Turanci aka rubuta su, yaran kuma ba su iya karanta shi sosai ba. Daga 1998 ƙungiyar nan dai ta soma ba da maganin tsutsar ciki a makarantu 75 na yankin Busia, da aka auna sai aka ga fashin makaranta ya ragu da kashi ɗaya cikin huɗu, ga shi maganin ba tsada. Niyyar ɗaya ce, masu aikin su ne dai, awo ne ya nuna inda kuɗi ya fi amfani. Irin wannan bincike ne ya sa aka ba Kremer da Esther Duflo da Abhijit Banerjee kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2019.

Mu ma ba baƙi ba ne ga wannan hanya. Dattawa sun tuna makarantar Kongo ta Zariya, wadda ta horar da ma'aji da malaman ofis na En'e tun kafin ta shiga Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A Kano akwai Gidan Mambayya da ke Gwammaja, tsohon gidan Malam Aminu Kano, wanda Jami'ar Bayero ta mayar cibiyar nazarin dimokuraɗiyya a 2000, inda ake shirya wa ƙungiyoyin jama'a taruka da horo. A Ikko kuma makarantar koyon kasuwanci ta Jami'ar Pan-Atlantic ta sha gudanar da kwas domin shugabannin ƙungiyoyin sa kai. Ilmin yana nan kusa da mu.

To, me ya hana? Na farko tsada, don kwas irin na manyan makarantu ya fi ƙarfin ƙungiyar da ke rayuwa da karo-karon 'yan tireda da 'yan acaɓa. Na biyu harshe, don in aka yi horon da Turancin shehunan malamai, za a maimaita labarin littattafan Kenya ne a kan manya. Na uku tsoro. Akwai shugabannin da ke ɗaukar duba littafi tamkar zargin sata, alhali mai gaskiya shi ya fi kowa cin ribar bincike, don shi ne ke rufe bakin masu tsegumi. Su ma jami'o'i da nasu laifin, domin sau da yawa aikin shawara ya zama hanyar neman na cefane ga malamai, a rubuta ƙaton rahoto a karɓi kuɗi, rahoton ya kwanta a kabad.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙungiyoyin zango guda, ƙarƙashin Sarkin Hausawa, suna iya haɗa kuɗi su gayyato malami ɗaya daga jami'ar da ke kusa, ya yi wa ma'ajinsu da magatakardansu horon kwana biyu da Hausa ko da tafinta. 'Ya'yanmu da ke shekarar ƙarshe a sashen akanta ko nazarin zaman jama'a kullum suna neman abin da za su rubuta kundi a kai, sai a buɗe musu littattafai su duba. Awon ma ba sai ya zama mai zurfi ba. Marayu nawa aka biya wa kuɗin makaranta, nawa ke zuwa aji har yanzu? Zawarawa nawa aka ba keken ɗinki, nawa ke ɗinki bayan shekara?

Ƙungiyar da ke da amsar waɗannan tambayoyi a rubuce ita ce attajiri zai sake buɗe wa aljihu, ita ce kuma hukuma za ta saurara wa. Saura kuwa za su yi ta kukan an mance da su. Allah ya sa shugabanninmu su farga da wuri.