Kafin a Cika Maka Waya da Fastar 'Yan Takara

Jama'a, zaɓen 2027 na ƙaratowa, kuma kun san yadda aka yi a 2023. Tun daga zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairu har zuwa 15 ga Afrilu, lokacin da aka ƙarasa zaɓen gwamnan Kebbi tsakanin Nasir Idris da Aminu Bande, wayoyinmu ba su huta ba. Da yawa cikin wayoyin da ake kawo mini a Mahuta wai "ta yi nauyi", ba komai ke damunsu ba sai bidiyon kamfen da ya cika ma'ajiya.

Ni a ganina, abin da ake kira "tattaunawa da masu zaɓe" a Facebook yawanci ba tattaunawa ba ce. Ɗan takara ba shi ke riƙe da shafin ba, yara ne da ake saya wa data. Gwada ka gani: rubuta tambaya a ƙasan hotonsa kan hanyar Koko zuwa Dabai, ko kan manoman ƙasar Zuru da tsaro ya hana zuwa gona. In ba a goge ba, sojojin baka za su yi maka ca. Amsa kuwa, sai dai ka ji shiru.

Duk da haka ban ce ka fita daga harkar ba. Wayar nan tana da abin da taron siyasa ba shi da shi: ba ta mantuwa. Duk alƙawarin da aka wallafa, ɗauki hoton allon yadda kwanan wata zai fito, ka adana a Google Drive. Bayan shekara biyu ka dawo da shi ƙarƙashin sabon rubutunsa, cikin ladabi.

Sannan ka binciki shafin kansa. Shiga About, ka nemi Page transparency. Zai nuna ranar da aka buɗe shi da sunayen da ya taɓa amsawa. Shafin barkwanci da ya koma na "Honorabul" dare ɗaya, ka san saye aka yi.

A WhatsApp kuma, shiga Settings, Privacy, Groups, ka zaɓi My contacts, don kada baƙo ya jefa ka guruf ba da saninka ba. Kashe saukar bidiyo da kansa. Duk link ɗin da ya ce ɗan takara na rabon kuɗi, a turo BVN ko lambar da aka aiko maka, kar ka taɓa shi.