Rijiyar Gari da Mai Yasarta

A shekarar 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da ke bibiyar sanƙarau a Zamfara suka tarar yara na mutuwa fiye da kima a ƙauyukan Bukkuyum da Anka. Gubar dalma ce, daga dutsen zinariya da ake niƙawa a tsakar gidaje a Yargalma da Dareta da Abare da Bagega. Yara sama da 400 suka rasu. Abin da ya fara tona asirin masifar shi ne ƙidayar da ta saɓa wa al'ada.

A yau alƙaluman asibitocin Anka da Gummi da Bukkuyum suna shiga DHIS2 ne, manhajar da Jami'ar Oslo ke jagorantar gina ta, wadda Nijeriya ta ɗauka don tattara bayanan lafiya. Buɗaɗɗiya ce: kowa na iya karanta rubutunta, kowa na iya kawo gyara. Sai dai gyaran ba ya shiga sai wani ya duba shi, ya kuma tsallake gwaji. Masu aikin sa-kai a irin waɗannan ayyuka sukan ga wannan tamkar wulaƙanci ga wanda ya kawo kyauta. Ƙorafinsu abin saurare ne, amma bai kai hujjar sassauci ba.

Ana yawan cewa idanu da yawa ba sa barin kuskure ya ɓuya. Rijiyar gari kuwa kowa na ɗiba, mai yasarta ne ke wuyar samu. Kuskuren Heartbleed ya shiga OpenSSL a ƙarshen 2011 bayan mutum guda ya duba shi, ya yi zamansa a bainar jama'a har Afrilun 2014. Saboda haka dole dubawa ta zama ƙa'idar da ba a ɗaga wa kowa ƙafa a kanta, har manyan aikin, kuma gwamnatocin da ke morar manhajar kyauta su biya ladan masu gwaji.

Gwajin ma sai ya san ƙasar da za a yi aiki. A Satumbar 2021 an katse layukan sadarwa a Zamfara baki ɗaya saboda 'yan bindiga. Duk gyaran da zai taɓa bayanan lafiya ya kamata a jarraba shi a ƙaramar waya mai araha, babu intanet na makonni, a ga ko rahoton da jami'ar lafiya ta shigar a Gummi zai isa Gusau cikakke ranar da layi ya dawo.